Wane teburi mai naɗewa ne ya dace da zaman tanti a fadama?

Manomin Rani, Bunza

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida iyaye da 'yan'uwa na wannan zaure, tare da fatan kowa yana cikin ƙoshin lafiya. Ina neman shawarar waɗanda suka saba kwana a daji ko a bakin gulbi game da wani abu da mutane da yawa za su ɗauka ƙarami ne, amma ya dame ni tun noman ranin bara.

Ina da gonar shinkafa a fadama, kuma idan ban ruwa ya kankama mukan kafa tanti a kan wani ɗan tudu kusa da gonar, ni da ƙanena da ma'aikata huɗu, domin ba a barin injinan ban ruwa su kwana babu mai gadi, ga shi kuma gida da nisa. A wurin muke girki, a wurin muke cin abinci. Har yanzu tabarma muke shimfiɗawa mu ɗora langa da kwanon miya kamar yadda muka taso muka gani a gida, kuma ba ni da ƙorafi a kan tabarmar. Abin da ke ba mu wahala shi ne ƙasar wurin. Da asuba raɓa ta jiƙa shimfiɗa, da rana iska ta kwaso ƙura ta zuba a cikin tuwo, da dare kuma kiyashi su yi jerin gwano har cikin gwangwanin sukari. Yaron da ke yi mana girki ba shi da inda zai ɗora faifan albasa da tattasai sai a kan jarka, kuma da zarar ya juya baya awakin makiyaya sun iso.

Na zaga kasuwa na ga iri uku. Akwai farin teburin roba mai ƙafafun ƙarfe, irin wanda masu ba da hayar rumfa ke kawowa wurin biki, wanda ake ninke shi biyu a ɗauka da mariƙi. Akwai na alminiyum mai fale-falen sanduna da ake nannaɗewa kamar asabari a saka a jaka. Sai kuma wanda kafinta ko mai walda zai ƙera wa mutum a nan gida. Buƙatata ita ce teburin da zai shiga but ɗin ƙaramar mota tare da jarkokin mai, wanda kuma za a iya ɗaure shi a bayan babur a ranakun da mota ba ta iya shiga fadama, ya ishi mutum shida, ya kuma jure ƙura da zafin rana. Ina so kuma in riƙa tafiya da shi Argungu tare da iyali idan lokacin bikin kamun kifi ya zo. Wanne ne za ku ce in saya? Allah ya saka wa duk wanda ya taimaka da alheri.

Mai Walda, Jega

Wa alaikumus salam. Alhaji, Allah ya ba da damshi mai albarka. Zan yi magana ne a kan abin da nake gani ana kawo mini gyara, domin a wurin gyara ne ake sanin ainihin ingancin kaya. Teburi mai naɗewa da wuya samansa ya fara lalacewa. Inda yake mutuwa shi ne mahaɗar ƙafa da firam, da kuma ɗan ƙarfen nan da ke kulle ƙafar idan an buɗe ta. Yawancin waɗanda ake shigowa da su an haɗa su ne da ribit a jikin fayif mara kauri, to idan aka yi ta buɗewa da rufewa a kan ƙasar da ba ta daidaita ba, ramin ribit ɗin sai ya faɗaɗa, teburin ya fara rawa, daga nan kuma rana ɗaya ya durƙushe da kwanon miya a kansa.

Idan na ƙarfe ne, duk mai waldar da ke da inji a kowane ƙauye zai ɗaure maka shi kafin ka gama shan shayi. Na alminiyum kuwa injin waldar da muke aiki da shi kullum ba ya yi masa, sai inji na musamman mai aiki da iskar argon, kuma ba kowane gari ake samunsa ba. Saboda haka mutumin da ke zaune a fadama tsawon wata da watanni ya kamata ya yi tunanin ranar da abin zai karye tun kafin ya biya kuɗinsa.

Shawarata ita ce a ƙera maka shi. A yi firam da fayif mai kusurwa huɗu na milimita 20, a haɗa ƙafafun da ƙusa mai noti maimakon ribit, yadda idan ya saki za ka ɗaure abinka da sifana. A haɗa kowace ƙafa biyu da sandar gicciye, domin ƙafa huɗu masu zaman kansu su ne ke kawo rawa. A ƙarƙashin kowace ƙafa a liƙa ɗan faffaɗan ƙarfe mai faɗin tafin hannun yaro, saboda bakin fayif tsirara nutsewa yake yi a yashi da laka. A sama a ɗora filawud, a shafe shi da banish sau biyu, a kula musamman da gefunansa domin ta nan ruwa ke shiga. Kada ka yarda a sa maka allon nan da ake yi da matsattsen garin katako, ko da ya fi santsi da kyan gani, domin raɓar dare kaɗan ta isa ta kumbura shi ya fara marmashewa. Kada kuma a jingine shi a ƙasa da dare ta gefen katakon, gara ba ta jira.

Ba zan ɓoye maka ba, zai fi na alminiyum nauyi nesa ba kusa ba.

Ɗan Safiyo, Birnin Kebbi

Ina girmama ra'ayin maigida Mai Walda, kuma abin da ya faɗa game da ribit gaskiya ne, amma ina ganin ya wuce maganar nauyi da sauri, alhali ita ce rabin tambayar da Alhaji ya yi. Aikina na awon filaye yana sa ni kwana a tanti a wurare irin su Suru da Bagudo da Kamba, kuma na lura cewa duk kayan da ke da wahalar ɗauka a ƙarshe gida ake barinsa, komai ingancinsa.

Alminiyum nauyinsa kusan kashi ɗaya cikin uku ne na ƙarfe idan girmansu ɗaya, domin santimita ɗaya ta kowace fuska ta alminiyum giram 2.7 ce, ta ƙarfe kuwa wajen giram 7.8. Ga shi kuma ba ya yin tsatsa irin ta ƙarfe, wanda babban abu ne ga mai zama kusa da ruwa. Teburin da ake nannaɗewa mai faɗin santimita 70 kowane gefe yawanci nauyinsa bai wuce kilo 3 zuwa 4 ba, kuma idan ya shiga jakarsa mutum zai rataya shi a kafaɗa ya hau babur ba tare da ya ɗaure komai ba.

Farin teburin roba na masu biki ina ba da shawarar a cire shi daga lissafi tun yanzu. Babbansa tsawonsa santimita 183 ne, faɗinsa 76, tsayinsa kimanin 74, nauyinsa kuma ya haura kilo 10. Ko an ninke shi biyu yana nan da faɗin kusan mita ɗaya, wato zai cinye but ɗin ƙaramar mota, idan kuma aka ɗaure shi a bayan babur iska za ta riƙa dukansa tana karkatar da mai tuƙi a kan kunyar fadama. An yi shi ne domin daɓen siminti da farfajiyar gida.

Abin da nake yi shi ne tafiya da ƙanana biyu maimakon babba ɗaya. Ɗaya na mai girki, ɗaya na ajiye abinci, idan kuma baƙi sun zo a haɗa su gefe da gefe. Sai dai dole mutum ya san iyakar abin da ya saya. Irin waɗannan tebura yawanci ana rubuta musu nauyin kilo 20 zuwa 30, kuma lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka jarka mai lita 25 ita kaɗai ta cinye ƙarfinsa gaba ɗaya. Jarka da buhun shinkafa da batir wurinsu ƙasa. Kada kuma wani ya zauna a kai ko ya dafa gefensa zai miƙe tsaye, domin yawancin waɗanda na ga sun lanƙwashe ta haka ne.

Idan za ka saya, sabo ne ko na gwanjo, ka sa mai kaya ya kafa shi a gabanka, ka ɗora tafin hannunka a tsakiya ka tura shi gefe da gefe. Idan ya yi lilo tun a kan siminti, a fadama abin sai ya fi haka. Ka duba igiyar roba da ta ratsa cikin fale-falen, domin zafin Maris da Afrilu, lokacin da ma'aunin zafi ke haura digiri 40 a wannan yanki, yana sa ta saki, ko da yake ana iya zare ta a sa wata. Ka duba 'yan mariƙan roba da ke kama saman da firam, su ne ke saurin karyewa kuma ba a samun madadinsu cikin sauƙi. Idan ƙafafunsa masu zuƙewa ne, kada ka ɗiga musu mai ko giris, domin mai kama ƙura yake yi ya zama laka a cikin fayif. Tsumma busasshe ya wadatar.

Uwar Girki, Argungu

Sallama gare ku. Na karanta bayanin malaman nan biyu kuma na ƙaru, amma dukansu sun yi maganar ɗauka da gyara ne, babu wanda ya tsaya a wurin wanda zai yi aiki a kan teburin safe da yamma. Ni sana'ata dafa wa baƙi abinci ce, kuma lokacin bikin kamun kifi a waje nake aiki, ba da nisa da kogin Matan Fada ba, cikin iska da cunkoson jama'a, don haka bari in faɗi abin da idona ya gani.

Na farko dai, Alhaji, teburi ba ya hana ƙura. Yana raba abinci da raɓa da kiyashi da bakin akuya, amma ƙurar hunturu a sama take tafe. Maganinta murfi ne da kuma wurin da aka kafa teburin. Iskar daga arewa maso gabas take bugowa, saboda haka a sa tantin ko zana ko tamfol ya tsaya tsakaninta da wurin abinci, kuma kada a buɗe kula sai kowa ya wanke hannu ya zauna.

Tukunya mai zafi ba a sauke ta a kan teburin roba. Robar da ake yin su da ita tana narkewa ne a wajen digiri 130, tana kuma yin laushi tun kafin a kai nan, alhali gindin tukunyar da ta fito daga kan garwashi ya wuce haka. Na ga teburin da aka sauke masa kaskon suya sau ɗaya, da'irar ta lotsa, daga ranar duk miyar da ta zube a nan take taruwa. Filawud ma yana ƙonewa ya bar baƙin tabo, don haka ko wanne aka saya a tanadi guntun katako mai kauri ko gammo na ɗora tukunya. Alminiyum ya fi su jure zafi, amma shi kuma idan ya wuni a rana ba ya taɓuwa, kuma tumatir ko man shanu da aka bari a kansa ba sa kai la'asar.

Ina roƙonka da babbar murya kada a ɗora risho ko ƙaramar tukunyar gas a kan teburi mai naɗewa, musamman ranar da ka zo da yara. Yaro ɗaya ya yi tuntuɓe da ƙafar teburin, tafasasshen ruwa ya sauko daidai fuskarsa. Wuta wurinta ƙasa, a kan wuri mai tauri, a kare ta daga iska. Haka nan komai tsananin sanyi kada a shigar da kurfoti mai garwashi cikin tanti a rufe, domin gawayi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, tana kashe mutum yana barci.

Shi na nannaɗewar yana da aibin da ɗan'uwa Ɗan Safiyo bai ambata ba. Tsakanin sandunan akwai rata, kuma ta nan miya da manja da garin sukari ke zurarewa, wani ya ɗiga ƙasa ya kira kiyashi, wani ya maƙale a cikin lungun da soso ba ya kaiwa. Sai an shimfiɗa masa leda mai kauri an kama ta da abin shanya a kusurwoyi, ko a riƙa aiki a cikin babban tire. Kifi kuwa, tunda kuna bakin ruwa na san ba za ku rasa shi ba, kada a gyara shi a kan filawud, domin ƙarni yana shiga katako ya ƙi fita. A ware masa allonsa daban. Game da kiyashi, a sa kowace ƙafa a cikin gwangwanin madara da aka zuba wa ruwa, a tabbatar babu igiyar tanti ko ciyawar da ta taɓa teburin.

Sai maganar tsayi, wadda a wurina ita ce gaba da komai. Mai girkinmu a zaune yake aiki a kan kujera 'yar tsugunno, wuta na gefensa a ƙasa. Teburi mai tsayin kugu zai sa ya riƙa tashi da zama tsakanin tukunya da albasa. Wanda tsayinsa ke wajen santimita 40 shi ne daidai hannunsa, kuma gajere ya fi wuyar kifewa idan iska ta taso.

Dattijo daga Yauri

Allah ya yi wa Hajiya albarka, maganar tsayi da ta kawo ita nake so in ƙarfafa. Ɗana, ka ce kana son teburin da zai ishi mutum shida, amma ka tuna cewa dogon teburi ba ya tafiya shi kaɗai. Idan ka saye shi sai ka nemi kujeru shida, kujerun kuma su nemi wurinsu a mota, alhali ku mutane ne da ke cin tuwo a kwano ɗaya kuna zagaye da shi. Ya zo a hadisin Anas ɗan Malik, Allah ya yarda da shi, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai ci abinci a kan teburi ba, a kan shimfiɗa ake ajiye masa. Malamai sun bayyana cewa cin abinci a kan teburi halal ne, ban kawo wannan don in hana ka ba. Na kawo shi ne don kada ka ga kamar zaman tabarma wani koma baya ne da ya wajaba ka rabu da shi.

Ni da ƙuruciyata na yi zaman sansani tare da masunta a gefen tafkin da madatsar Kainji ta haifar bayan 1968, kuma abin da muke yi shi ne kafa 'yan sanduna huɗu masu baki biyu a ɗora kara a kai, a ajiye kayan abinci sama da ƙasa, ci kuma a kan tabarma. Teburin da kake nema aikin wannan ragar zai yi maka. Ka saya don ajiya da girki, ka shimfiɗa tamfol a ƙarƙashin tabarmarka saboda raɓa. Idan gajere ne kamar yadda Hajiya ta ce, ranar da ƙasa ta jiƙe sai ku jawo shi tsakiyar tabarma ku ɗora kwano a kai, kowa na zaune yadda ya saba.

Idan ka zaɓi na ƙarfe, ka sa a yi masa jan fenti na hana tsatsa kafin fentin sama. Danshin bakin ruwa yana cin ƙarfe ta wurin walda da ƙasan ƙafa, inda ido ba ya kaiwa.

Manomin Rani, Bunza

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara girma Baba, Allah ya saka wa Hajiya da sauran 'yan'uwa da alheri. Na fasa na roba. Abin da na tsayar shi ne in sayi ƙaramin na alminiyum guda ɗaya saboda tafiyar babur da zuwa Argungu, sannan a ƙera mini gajere na ƙarfe wanda zai zauna a gona har a gama girbi. Maigida Mai Walda, na auna but ɗin motata, abu mai tsawon mita ɗaya zai kwanta a ciki. Wane awo za ka ba ni in kai wa mai waldar garinmu? Kuma zai yiwu a yi masa ƙafafun da ake ƙara wa tsawo, domin wata rana in yi lissafin ma'aikata a kansa ina zaune a kujera?

Mai Walda, Jega

Alhaji, ka ce masa ya yi saman santimita 90 tsawo da 60 faɗi, ƙafafu kuma santimita 40. Dalilin wannan awon shi ne idan aka naɗe ƙafafun daga ɓangarorin biyu tsawonsu 80 ne a haɗe, za su kwanta a cikin firam ɗin ba tare da sun hau juna ba, teburin ya zama shafaffe ka zura shi a ƙarƙashin jarkoki. Da filawud mai kaurin milimita 12 nauyinsa zai kai kilo 7 zuwa 8. Allon filawud guda mai ƙafa 8 da ƙafa 4 yana fitar da irin wannan saman har biyar, don haka kada ka sayi cikakken allo, ka nemi yanki a wurin kafinta, ko ku haɗa kuɗi da maƙwabtan gonarka a yi muku tare.

Ƙafafun da ake ƙara wa tsawo ana iya yin su, amma ban ba ka shawara ba. Fayif a cikin fayif idan laka da tsatsa suka shiga tsakaninsu sai an sa guduma kafin ya motsa, kuma duk ramin da aka huda don fil rauni ne a jikin ƙafar. Abin da ya fi amfani shi ne a liƙa noti a ƙasan ƙafa ɗaya, a ɗaura masa doguwar ƙusa mai faffaɗan kai, yadda idan ƙasa ba ta daidaita ba za ka murɗa ta da hannu har teburin ya tsaya cak. Lissafin ma'aikata kuwa ka yi shi a kan na alminiyum, idan ka zaɓi mai tsayin santimita 70 zai yi daidai da kujera. Ka tuna wa mai waldar ya goge bakin kowane ƙarfe da ya yanka kafin ya yi fenti, saboda hannun yara da kuma tamfol ɗin tantinka.